Muƙamuƙin Tafkin Kirya

A shekarar da damina ta yi rowa, Tafkin Kirya da ke bayan Achika ya janye har inda tsofaffi ma ba su taɓa ganin ƙasansa ba. Ranar da aka buɗe shi don su, maza suka faɗa da koma da gora, mata suka jeru a gaɓa da ƙore. Safara'u matar Malam Halliru tana cikin masu jira. Bandar kifi ce sana'arta, kuma da ita take riƙe da gida tun da yanar ido ta rufe wa mijinta gani. Ta zauna a kan tushen kiryar da tafkin ya ci sunanta, ta miƙe ƙafafu, tana murza gwiwar da ta daɗe da daina jin magana.

Wajen hantsi hayaniya ta tashi a gabanta. Ya'u, Sarkin Ruwan ƙauyen, ya fito daga laka yana ɗaga wani abu sama kamar wanda ya kamo giwan ruwa. Da aka wanke, sai ga muƙamuƙi, na ƙasa, dogo kamar damtse, gefe ɗaya ya karye. Laka ta rina shi baƙi wuluk. A baya manyan turame ne jere, sai fili, sai fiƙa ɗaya, sai haƙoran gaba masu faɗi.

Masunta suka yi masa zobe. Mutanen ruwa kuwa, in abu ya fito daga ruwa, ba sa yarda a ce ya taɓa taka tudu. Wani ya ce kada ne, aka ƙaryata shi, don kowa ya san haƙoran kada tsinaye ne. Wani ya ce ayu ne, wanda a duk wurin babu mai iya rantsuwa ya taɓa ganinsa. Ya'u ya yanke magana ya ce ɗan dorina ne, tun na zamanin da kakanni ke cewa dorina na hawowa kogin Wudil. Ya ce zai rataye shi a ƙofar gidansa, kuma ya san maganin da ake haɗawa da shi.

Safara'u ba ta dubi ƙashin sosai ba. Ramin da aka ciro shi take kallo, can gaba kaɗan da kiryar, ta wajen mashigar shanu. Ta san wannan wuri.

Tana da ɗa, ɗan farinta, Isyaku. Shekaru da dama da suka wuce, da kaka, ubansa ya ɗora wa jakinsa, wanda ake kira Aura saboda launin gashinsa, mangalar gyaɗa ya ce ya kai ma'auna a Wudil. Yaron ya dawo da yamma ba jaki ba gyaɗa, laka har ƙirji. Ya ce ya yanke ta bakin tafki don ya rage hanya, Aura ya zurma a taɓo da kayansa, shi kuma ya yi ta ja har igiya ta tsinke, ruwa ya rufe jakin. To al'adar wurin ita ce, wanda aka damƙa wa dabba, in ta mutu a hannunsa, sai ya kawo wa mai ita shaida: kunne, ko wutsiya, ko fata. Da shaida ake raba wanda ƙaddara ta faɗa wa da wanda ya sayar. Isyaku bai zo da ko gashi ba. Kuma aka yi rashin sa'a, wani mai dogon baki ya ce ya ga jaki irin Aura a karar dabbobi ta Wudil ran Juma'a.

Malam Halliru mutum ne mai zafin zuciya, kuma Aura ne kaɗai abin da ya mallaka mai ƙafa huɗu. A gaban maƙwabta ya ce da ɗansa, "Laka ba ta da tsada, kowa na iya shafawa. Na cire albarkata daga kanka. Kada ka sake taka zauren nan sai da Aura, ko da ƙashinsa ne."

Yaron ya yi ta nutso a tafkin har idanunsa suka kaɗa, bai samu komai ba. Wata safiya aka wayi gari babu shi. Safara'u tana ji tana gani, ba ta ce uffan ba. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna masa so a gaban jama'a, balle ta tsaya masa a gaban ubansa. Ita haka ta taso ta tarar, haka ta yi, aka kuma yaba mata da kunya. Yabon nan ya daɗe yana ƙona mata ciki. Yanzu ga Malam ya tsufa, tari ya kama shi, kullum ƙara shiga riga yake. Abin da ke hana ta barci ɗaya ne: kada ya mutu da wannan baki a kan yaron.

Ta dafa ƙasa ta tashi, ta ratsa masunta.

"Sarki, ba ni abin nan in gani."

"Inna, wannan ba na mata ba ne," in ji Ya'u yana dariya. "Ki jira tarwaɗa, zan ware miki manya."

"Ya'u, a ɗakina aka yaye ka. Na goya ka kana min fitsari a baya, ban ce ba na mata ba ne. Ara min shi zuwa Juma'a."

Masunta suka fashe da dariya. Ya'u ya sosa ƙeya ya miƙa mata, yana gunaguni cewa kada ta bari kare ya lasa. Ta naɗe shi a tsumma, ta sa a ƙasan ƙwarya, ta jera kifi a kai.

Ba ta nuna wa Malam ba. Ta san halin kayanta. In ta ce masa jaki ne alhali duk masunta sun ce dorina, zai ce son zuciyar uwa ne, kuma daga ranar maganar ta mutu. Ta tura ƙunshin ƙarƙashin gado, ta yi ta banda, hayaƙi na cin idonta. Ita kanta ba ta da tabbas. Ta ga jakai tun tana yarinya, amma ba ta taɓa leƙa bakin ko ɗaya ba, balle ta san kamanninsa in nama ya zube.

Ran Juma'a ta yi sammako ta kama hanyar Wudil. A da takan isa kafin rana ta yi zafi. Yanzu sai da ta zauna a gindin itatuwa ba sau ɗaya ba, tana sauke ƙwarya, tana gyara gammo, tana kallon 'yan mata na wuce ta kamar an koro su. Ta isa kasuwa ta cika, ta bar kifin a wajen wata abokiyar sana'arta, ta nufi rumfar mahauta.

Ɗantani mahauci ta zaɓa, don shi ne babba a cikinsu, kuma mutane na cewa yana gane sa da ƙashin ƙafarsa. Suka gaisa, ya tambayi Malam da jiki, ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi mutanen Achika da zafin rani. Ta amsa duka, sannan ta kwance tsumman.

Ya karɓa ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa.

"Iya, a ina kika samo wannan?"

"A Kirya. Na mene ne?"

"Ba na sa ba ne, sa ba shi da wannan fiƙar. Ba na raƙumi ba ne. Tunkiya da akuya ma ba a maganarsu." Ya miƙo mata. "Ni abin da aka halatta wa wuƙa na sani. Wannan bai taɓa shigowa rumfar nan ba, kuma ki taimake ni ki rufe shi, kada masu saye su ce wani abu nake yankawa."

"Jaki fa?" ta ce a hankali.

"Subhanallahi. Ni ina na taɓa feɗe jaki da zan sani? Ki je wajen masu shi."

Ta naɗe kayanta. Haushi ya kama ta, na Ɗantani da na kanta, don da ta yi tunani da ba ta ɓata ƙafa ba. Karar dabbobi tana can ƙarshen kasuwa, sai an ratsa masu tukwane da masu kanwa da masu igiya. Rana ta take, ƙura ta cika mata maƙogwaro. Ta yi ta kauce wa ƙahonin shanu tana bin gefe, har ta kai inuwar da ake ɗaure jakai.

Dillalinsu wani siririn dattijo ne, Labaran, mai ido ɗaya da baki ja da goro. Ya ɗauka saye ta zo yi, har ya fara yabon wata jaka da ko tsayuwa da ƙyar take yi. Da ta nuna masa ƙashin, ya bar yabon ya karɓa. Ya jawo wani jaki da ke kusa, ya danna masa leɓe ƙasa da babban yatsa, ya kara muƙamuƙin a gefen bakinsa.

"Duba da kanki, Iya."

Ta duba. Ga haƙoran gaba masu faɗi, ga fiƙa, ga fili. Na mai ran fari-fari ne, na hannun Labaran baƙi, bambancin ke nan. Ta zauna a kan wani turke.

"Jaki ne," in ji Labaran. "Namiji, kuma bai tsufa ba, yana kan ƙarfinsa ya mutu. Wa ya ce miki wani abu ne daban?"

"Sun ce dorina."

"Masunta ko? Su ai ko takalmi suka ciro sai sun ce na aljanin ruwa ne."

"Malam Labaran, in tambaye ka. Za ka iya gane ko aura ne? Wani jaki ne na gidanmu, ya ɓata da daɗewa."

Ya dube ta da idon nan ɗaya, ya girgiza kai. "Iya, launi a fata yake, ƙashi duk ɗaya ne. Kuma jakan da tafkunan ƙasar nan suka haɗiye, Allah kaɗai ya san yawansu. In na ce miki naku ne, na yi ƙarya. In na ce ba naku ba ne, nan ma na yi ƙarya." Ya sake shafa haƙoran gaban. "Sai dai ga wani a nan ya ɓantare. Wannan ba cin ƙasa ba ne, ƙarfe ne ya taɓa shi tun yana da rai. Mai jakin zai sani. In bai sani ba, to ba nasa ba ne."

Ta yi masa godiya ta tashi. Abin da ta samo bai kai abin da ta zo nema ba. Ita ba ta taɓa jin labarin wani ɓantararren haƙori ba, harkar turke ta maza ce. Duk tsawon hanyar komawa tana lissafi da zuciyarta. Muddin ƙashin yana cikin tsumma, tana da abin da take sa rai a kai. In ta ɗora shi a hannun Malam ya ce bai san wannan haƙori ba, shi ke nan, ta ƙara wa yaron laifi da hannunta. Sau biyu ta tsaya tana tunanin ta mayar wa Ya'u dorinarsa ta huta. Gajiya ce ma ta hana ta ratsewa zuwa gidan nasa.

Bayan la'asar ta shiga. Malam Halliru yana zaune a zaure a kan buzu, carbi a hannu, fuskarsa na fuskantar ƙofa kamar mai gani.

"Kin daɗe," ya ce. "Kasuwar ta yi?"

"Ta yi yadda ta yi. Malam, an tsinci wani abu a Kirya ranar su. Masu ido sun yi ta gardama a kansa. Na ce bari in kawo maka."

Ta ɗora masa a cinya. Bai san zuwansa ba, ya ɗan zabura. Ya ajiye carbi, ya bi turamen da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ratsa filin, ya taɓa fiƙa. A nan hannunsa ya tsaya. Shi da ya yi rabin rayuwarsa yana bin jaki, ba ya buƙatar dillali.

"Na ruwa ne," ya ce. "Ɗauke min."

"Hannuna da kaya."

Ta wuce cikin gida ta bar shi da shi. Ta hura wuta, ta ɗora ruwan tuwo, ta zauna tana kallon tukunya. Ba ta jin motsi daga zaure sai tarinsa jefi-jefi. Ta yi talge, ta tuƙa, ta kwashe. Duk wannan lokaci bai kira ta ba, bai kuma jefo ƙashin tsakar gida ba, kamar yadda da can zai yi.

Da ta fito da akushi, ta same shi yadda ta bar shi, sai dai yanzu babban yatsansa yana kan haƙoran gaba, yana kai da komowa a wuri ɗaya.

"Safara'u."

"Na'am."

"Akwai shekarar da cikin Aura ya kumbura. Kina gidanku lokacin, kin je wankan jego bayan haihuwar 'yarmu Hansai. Na jiƙa kanwa zan ɗura masa, ya datse baki. Na ɗauko tsohon lauje na cusa tsakanin haƙoransa na banƙara. Wannan ya ɓantare, na ji ƙararsa." Ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Yaron nan shi ya riƙe min kunnuwan. Har ya ce, Baba a hankali."

Ta ajiye akushin a ƙasa.

"A ina aka ciro shi?"

"Gaba da kiryar, ta mashigar shanu."

"Inda ya ce."

"Inda ya ce."

Ruwa na gangarowa daga fararen idanun nan yana shiga gemu, bai share ba. Can ya ɗaga tafin hannunsa sama, muƙamuƙin na cinyarsa.

"Allah ka shaida, ƙashi ya shigo zaure. Na janye abin da na faɗa. Na yafe masa duniya da lahira, na mayar masa da albarkata. Allah ka sa shi ma ya yafe min."

Shekara da shekaru tana jiran waɗannan kalmomi. Ta ɗauka ranar da ta ji su za ta yi guɗa, ko ta faɗi ta yi sujada. Sai ta ji babu komai a jikinta sai gajiya, da wani fushi da ba ta san tana da sauransa ba. Maganar da bai fi a faɗe ta kafin a haɗiye loma ɗaya ba, ita ta cinye mata ƙuruciyar ɗa.

"Amin," ta ce.

"A aika masa. Yana ina yanzu?"

Ta dube shi. Da gaske yake tambaya. Shi da ya hana a ambaci yaron a gidan, ya ɗauka ita tana da labari tana ɓoyewa.

"Malam, da na sani, da ƙashi zan tsaya nema?"

Abin da aka taɓa ji ɗaya ne, shi ma ya daɗe: wani ya ce ya gan shi cikin masu kora shanu zuwa Kurmi, can kudu. Ko ya tsaya can, ko ya wuce gaba, ko yana raye ma, babu wanda ya sani. Tuwon ya huce a akushi, babu wanda ya taɓa.

Ya'u ya aiko a ba shi dorinarsa, Malam ya ce a gaya masa mai jaki ya karɓi kayansa. Ya rataye shi a zaure, daidai inda hannunsa ke kaiwa. Ya'u dai bai daina gaya wa baƙi cewa an taɓa ciro dorina a Kirya ba.

Juma'a ta zagayo, Safara'u ta sake kama hanyar Wudil, wannan karon ko kifi ba ta ɗauka ba. Ta wuce mahauta, ta wuce Labaran da jakansa, ta je can bayan kara inda ake haɗa garken da za a kora kudu. Ta sami madugun wani ayari, ƙaton mutum da malfa da sanda a kafaɗa, yana duba kofaton wani bijimi. Suka gaisa.

"Saƙo zan ba ka, ɗana, in Allah ya haɗa ku. Wani yaro ne na Achika, an ce ya bi shanu Kurmi. Dogo ne, baƙi, yana da tabon wuta a hannun hagu. Yanzu ya zama magidanci."

"Iya, Kurmi da faɗi, kuma dogaye baƙaƙe sun yi yawa. Mene ne sunansa?"

Tun ranar da liman ya raɗa sunan, bai taɓa fita daga bakinta ba. Yaron nan take cewa, ko wancan. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, mai sunan wancan take kiransa.

"Ɗan Malam Halliru ne," ta ce. "Halliru mai jaki."

"Can ba a san ubannin mutane ba, Iya. Suna za ki ba ni, in yi ta tambaya a zango-zango."

Shanu suka fara motsi, makiyaya na kaɗa su. Madugun ya waiwaya ya dubi garken, ya dawo da ido kanta yana jira. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta buɗe baki, muryar ta ƙi fita, sai da ta gyara.

"Isyaku," ta ce.

"Isyaku na Achika. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa an ga Aura. Ka ce ubansa ya yafe, ya zo da wuri, tsohon ba shi da lafiya." Ta matso kusa da shi. "Ka ce uwarsa ce ta faɗa, da bakinta."

Madugun ya maimaita saƙon, ya ce in Allah ya so, ya bi shanunsa. Ta tsaya har ƙurarsu ta lafa. Can gaba, kusa da gada, wani garken ake haɗawa, bayansa kuma ga motocin gyaɗa da direbobinsu. Ta murza gwiwa, ta gyara mayafi, ta nufi na kusa, tana juya sunan a bakinta don kada ya sake maƙalewa.